Wa Ya Taɓa Batir Na Uku?

Shafi na 23

Jama'ar gidan nan, na ga sharhinku na jiya. Wasu har sun yanke wa Siddiƙa hukunci sun kai ta gidan yari ba tare da sun ji ta bakinta ba. To ku gyara zama. Duk wanda ya zage ta jiya, ina jiran sa a ƙasan shafin nan.

*

Ko sallama ba ta gama ba ta jiyo ƙarar sifana daga sito.

Siddiƙa ta tsaya cak a bakin zaure, jakar kayan aikinta a kafaɗa. Warin ruwan batir bai bar gidan ba har yanzu, ya cakuɗe da na tokar da aka zuba a ƙasa don ta shanye shi.

Jiya da azahar, tana can wani ƙauye a Baure tana haɗa wa mutane solar rijiyar burtsatse, ɗaya daga cikin batura huɗun da ta haɗa wa mahaifinsu ya fashe. Wuta ta ɗauke. Na'urar oksijin da Malam Ɗantsoho yake numfashi da ita ta tsaya. Haulatu, matar yayanta, da ta leƙa sito don ta ga abin da ke wari, ita ruwan ya wanke wa fuska. Yanzu su biyun suna kwance a asibiti, Malam a ɗakin maza, surukarsa a ɗakin mata.

Da Siddiƙa ta isa asibitin da la'asar, a bakin ƙofa Yaya Mainasara ya tare ta. A gaban masu jinya, a gaban masu sayar da lemo da ayaba, ya kira ta mai kisan kai.

Yanzu ta cire takalmanta a zauren ta nufi sito.

Wani mutum ne tsugune a gaban baturan, sifana a hannunsa. Ta san shi. Maliki, mai gyaran sola a bakin tasha. A kansa kuwa Yaya Mainasara ne tsaye, da babbar rigar jiya a jikinsa, idanunsa jajir, gorarsa ta kasuwar shanu a hannu.

"Wa ya ce a taɓa min kaya?"

Mainasara ya juyo a hankali.

"Ni na ce."

"Maliki, ajiye sifanar nan."

"Maliki, ci gaba da aikinka. Kwance min komai ka watsar a bola." Ya nuna ta da gora. "Ke kuma, da wace fuskar kika shigo gidan ubana?"

"Ubanmu dai, Yaya."

"Kin tuna ubanki ne lokacin da kika dasa masa bam a bayan ɗaki?"

Maganar ta soke ta har cikin ƙashi. Ta haɗiye.

"Shekara biyu Malam na numfashi da wutar nan. Shekara biyu. Da wutar gwamnati muka dogara, da yanzu mun daɗe da yin sadakar arba'in. Kai ka fi kowa sani."

"Abin da na sani shi ne matata na kwance an naɗe mata fuska kamar gawa!"

"Na sani! Haulatu ƙawata ce kafin ta zama matarka!"

"Rufe min baki!"

"Ba zan rufe ba. Tun safe mutanen Baure suka kira ni, wai in dakata da aikinsu. Na Dutsi ma sun kira. Ka bi gari ka cika shi da cewa Siddiƙa na haɗa bam. To tunda ka yanke min hukunci, ka bar ni in ga laifina da idona. In nawa ne, wallahi da ƙafata zan bi ka wurin alƙali."

Maliki ya ajiye sifanar a kan buhu. Ya share gumi da bakin hularsa.

"Alhaji, ka yi haƙuri, a bar ta ta duba. Ni ma akwai abin da ban gane ba a nan." Ya nuna wani ɗan akwatin roba da ke kafe a bango, wayoyi biyar sun fito daga cikinsa sun sauka kan baturan. "Wannan dai ba na kanti ba ne."

"Ni na haɗa shi," in ji Siddiƙa. "Balansa ce."

Mainasara ya yi wata dariya marar daɗi.

"Ka ji ko? Ita ta haɗa. A ɗakin mijinta, da dalma da tarkacen rediyo. Shi ne ya kusa kashe mana mutum biyu."

"Shi ne ya hana su mutuwa tun bara."

Ta durƙusa, ta zuge jakarta, ta ciro mita. 

"Saurara, Yaya, ko sau ɗaya a rayuwarka. Batura huɗu ne a jere, wutar wannan na bi ta cikin wancan. Na'urar caji jimillarsu kawai take gani. Ba ta san wanda ya ƙoshi ba, ba ta san mai jin yunwa ba. In ɗaya ya yi ƙasa, sai ta yi ta ɗura wa sauran ukun abin da ya fi ƙarfinsu, su yi ta tafasa har ruwansu ya ƙafe. Aikin akwatin nan shi ne ya ɗebo daga wanda ya cika ya zuba wa wanda ya rage. In bambancin ya fi ƙarfinsa, ya kunna jar wuta, ya yi ta kuka har a zo."

"To me ya hana shi kukan?"

"Abin da na zo gani ke nan."

Na biyu ne ya fashe. Murfinsa ya tsage gida biyu, cikinsa baƙi ƙirin. Ta kawar da kai daga jan mayafin Haulatu da ke yashe a gefe, duk ruwan ya cinye shi ya huhhuje.

Ta buɗe ramukan na ɗaya ta haska da wayarta. A bushe. Gefensa ya kumbura kamar cikin akuya mai ciki. Na huɗu ma haka.

Ta zo kan na uku.

Ruwansa cike taf. Jikinsa lafiya lau, ko kumburi babu.

Ta ɗora masa mita. Ta daɗe tana kallon lambar. Sannan ta juya fuskar mitar wajen Maliki.

"Karanta masa."

Maliki ya matso ya runtse ido.

"Goma da ɗigo biyu." Ya kama haɓa. "Kai. Wannan ai ya mutu da yunwa."

"Ku yi min Hausa!" Mainasara ya daka tsawa.

"Alhaji, batir mai lafiya sha biyu da wani abu yake nunawa. Wannan an tsotse shi. Shi kaɗai. Sauran ukun kuma caji ya yi musu yawa har suka dahu."

"An tsotse shi," Siddiƙa ta maimaita. "Kuma ba inbata mai ba gida wuta ce ta tsotse shi ba, don ita daga duka huɗun take sha daidai wa daida."

Ta miƙe, ta sa sukudireba ta kwance murfin akwatin. 

Gurbin fis wayam. Babu fis ɗin. Ba ƙonewa ya yi ba, zare shi aka yi.

'Yar ƙaramar lasifikar da ke kukan kuwa, an cusa mata wani baƙin abu a baki, an danne da yatsa har shatin yatsan ya fito. Ta ƙwaƙulo shi da bakin sukudireba ta kai hancinta.

Sabulun salo.

 Ta miƙa wa Mainasara a tafin hannunta.

"Ga bam ɗin da na dasa. Shaƙa ka ji."

Bai karɓa ba.

"Akwatin ya yi kuka, Yaya. Ya yi kuka aka toshe masa baki da sabulu. Ya kunna jar wuta aka zare masa fis. Wani a gidan nan ya ji, ya gani, ya kashe shi da hannunsa!"

"Wa kike nufi?"

"Ban sani ba tukuna."

"Haulatu kike nufi! Wadda ke kwance ba ta iya kare kanta, ita za ki ɗora wa!"

"Ban kira sunan kowa ba!"

"Mu nawa ne a gidan? Malam da ko banɗaki sai an riƙe shi? Inna? Ko ni?" Ya buga gorar a ƙasa, toka ta tashi. "Ke kika zare shi yanzu kika ɓoye a hannun riga. Na san halinki tun kina yarinya, ba kya taɓa yin laifi!"

"Alhaji," in ji Maliki a hankali, "a gabana ta buɗe. Kuma ka ga ƙura ta kwanta a gurbin. An kwana biyu da zare shi."

Siddiƙa ba ta ma saurare su ba. Ta koma kan na uku. A kan kawunansa biyu, inda ake ɗaura waya, akwai shatin haƙora, sababbi a kan tsofaffi, irin na maƙalan da masu cajin batirin mota ke amfani da su. Ta zura hannu bayan batirin, tsakaninsa da bango.

Yatsunta suka taɓa waya.

Ta jawo ta. Siririyar waya ce ja da baƙa, an yanke bakinta da gaggawa, an tura ragowar cikin wani rami a gindin bango. Kamu ɗaya daga bakin akwai inda aka yi mata ƙari, aka murɗa, aka naɗe da salatif.

Ta warware salatif ɗin.



An fere wayoyin tsaf, an gicciya su, an murɗa kowace a jikin 'yar'uwarta, yadda ita take yi. Sai dai murɗin ta hagu ya tafi. Mutum ɗaya ta taɓa koya wa wannan ɗaurin, kuma bahago ne.

"Siddiƙa."

Inna Rahmatu ce a bakin ƙofar sito, carbi a hannunta. Ba wanda ya ji zuwanta.

"Ki bar shi haka nan. Ƙaddara ce. Abin da Allah Ya rubuta ba mai kankarewa. Ku fito ku bar wa mutum aikinsa."

Siddiƙa ta ɗago ta dubi mahaifiyarta. Inna ba ita take kallo ba. Wayar da ke hannunta take kallo.

Daidai nan wayar Mainasara ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya duba, fuskarsa ta canza.

"Likita ne." Ya nuna Siddiƙa da ɗan yatsa. "Kada ki motsa daga nan."

Ya fice zaure da sauri yana cewa, "Na'am, ranka ya daɗe, ina ji."

Maliki ya dubi uwar, ya dubi 'yar. Ya tattara sifanarsa da filayarsa ya zuba a jaka.

"Hajiya, ku gafarce ni. Wannan ba aikin kwancewa ba ne, maganar cikin gida ce. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi."

Yana fita Siddiƙa ta miƙe. Ta raɓa ta gefen Inna ta zagaya bayan sito. Ga wayar nan ta ɓullo ta ramin, an binne ta a yashi. Ta sa yatsa ta ɗago ta, ta ja. Yashi ya dinga tsagewa a gabanta.

"Siddiƙa, zo nan."

Ba ta juya ba. Wayar ta bi gindin katanga, ta wuce bayan randuna, ta ratsa ƙarƙashin turken raguna.

"Da ke nake! Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Wayar ta ƙare a ƙasan ƙofar ɗakin hatsi. Ɗakin Inna ne, can ƙuryar gida, ba taga sai 'yar kafa a sama. Nan take ajiye geronta da tsofaffin ƙorai. Tun Siddiƙa na yarinya da igiya ake ɗaure ƙofar.

Yau sabon kwaɗo ne a jiki, ƙato, yana ƙyalli.

Inna ta cafke wuyan hannunta. Tsohuwa ce, amma riƙon ya yi zafi.

"Don girman Allah. Don nonon da kika sha."

"Yana ciki?"

Inna ta ƙara damƙe hannun.

"Inna, Hafizu yana cikin ɗakin nan?"

"Rage murya!"

Siddiƙa ta fizge hannunta. 

Hafizu. Autansu. Shi ne ya yi zama a shagonta yana koyon aiki kafin abokai su ja shi cikin shan ƙwaya. Bara bayan ƙaramar salla ya ɗauki Khairunnisa a babur zai kai ta Islamiyya. Khairunnisa, 'yar Yaya Mainasara ɗaya tilo, da aka daɗe ana nema kafin a samu. Ya sha abin da ya sha, ya bar hanyar makaranta ya hau titin Kongolam yana gudu, ya afka wa wata babbar mota da ke tsaye. Yarinyar ko shurawa ba ta yi ba. Shi ya tashi da ƙujewa. Aka ba da belinsa, ya tsallaka iyaka, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ranar sadakar uku Mainasara ya dafa Alƙur'ani a gaban Malam ya ce ba ya son diyya, ba ya son haƙuri, kuma duk ranar da suka haɗa ido da Hafizu, ɗayansu ne zai kwana a duniya. Tun daga ranar ba a sake ambaton sunan a gidan ba.

"Tun yaushe?" Siddiƙa ta tambaya.

"Tun kafin azumi."

"Tun kafin azumi! Muna shiga muna fita, muna buɗa-baki a tsakar gidan nan, yana bayan ƙofar nan?"

"A motar harawa ya ɓuya ya shigo gari. Da kin gan shi da ba ki gane shi ba. Ƙashi da fata. Ƙafarsa ta ruɓe tana wari. In kore shi ya je ina? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Shi ne kika ba shi wutar Malam."

"Fanka ce kawai! Kin san zafin bazarar bana. Ɗakin nan ba taga, na same shi ya suma har sau biyu. Fanka da ƙwan fitila ɗaya." Ta sunkuyar da kai. "Sai ɗan abin dafa ruwa, na wankin ciwon."

"Hita! Inna, hita a kan batir ɗaya!"

"Ni na san wani batir? Ya ce min kaɗan zai ɗiba, ba za a gane ba."

"Ranar da na haɗa kayan nan na tara ku duka. Na ce ko cajin waya kada a jona. Na ce wutar nan numfashin Malam ce. Kina zaune a kan tabarma kika ce Allah Ya yi min albarka. Ko ba a yi haka ba?"

"An yi."

"Wa ya sa sabulun?"

Inna ta kawar da kai.

"Wa ya sa sabulun, Inna?"

"Kuka yake ta yi. Haulatu ta fara tambaya. In yayanku ya ji ya shiga dubawa fa?"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Siddiƙa ta juya ta daki ƙofar da tafin hannu.

"Kai kuma! Ina sane kana ji na! Ita ba ta sani ba, kai fa? A shagona ka zauna. Da bakina na gaya maka abin da ke faruwa in aka tsotsi ɗaya aka bar uku. Ka san aikin fis ɗin nan, ka sa hannu ka zare! Khairunnisa ba ta ishe ka ba, sai ka haɗa da uwarta da kakanta?"

Daga ciki aka ji wani sauti, kamar mutum ya cusa tsumma a baki yana kuka.

Inna ta shiga tsakaninta da ƙofar, ta baje hannuwa.

"Ya isa! Ya isa haka! Kwana yake yana kuka, wuni yake yana kuka. Jiya da ya ji ihun Haulatu kansa ya dinga bugawa a bango. Me kike so ya yi?"

"Ni me kike so in yi?"

Inna ta matso, ta rage murya har da ƙyar ake ji.

"Ki ce akwatinki ne ya lalace."

Siddiƙa ta zuba mata ido.

"Me kika ce?"

"Ki ce kin duba, kuskurenki ne. Ki cire wayar nan ki jefa a jakarki. Ke mace ce, kina da mijinki, kina da sana'arki. Za a yi surutu kwana biyu a manta. Yayanku zai yi fushi ya huce, ba zai taɓa ki ba. Shi kuwa yanka shi zai yi, Siddiƙa. Ya rantse. In ya yanka shi, shi ma kashe shi za a yi. In rasa biyu rana ɗaya?"

Hawaye suka zubo wa Siddiƙa, masu zafi, na baƙin ciki. Ba ta share ba.

"Jiya kina tsaye a bakin asibiti ya kira ni mai kisan kai. Kina tsaye, Inna. Na dube ki ina jiran ki ce wani abu. Kika sunkuyar da kai. Na ɗauka kunyar ɗan fari ce ta hana ki. Ashe kin sani. Ashe kin dawo gida kin yanke waya kin tura a rami."

"Ki yafe min."

"Ban runtsa ba. Ina ta juya wayoyin akwatin nan a kaina ɗaya bayan ɗaya, ina cewa a ina na yi kuskure, a ina na makantar da Haulatu. Har na ce wa Zailani in Malam ya rasu ni na kashe shi. Mijina ya rasa yadda zai yi da ni. Ke kuma kina nan kina kai wa ɗanki tuwo."

"Ɗan'uwanki ne."

"Ni fa? Tsinto ni kika yi?"

"Kada ki faɗi haka."

"Malam fa? Shekara nawa kuna tare? Kika raba numfashinsa biyu kika miƙa wa wanda ya kashe masa jika!"

Inna ta ɗaga hannu kamar za ta mare ta. Hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauka.

"Ranar da kika haifi naki za ki gane."

"Allah Ya kiyaye ni da irin wannan ganewar."

Takun takalmi ya taso daga zaure.

Su biyun suka daskare.

Mainasara ya ɓullo ta bayan randuna. Ba ya sauri. Gorar na jan ƙasa a bayansa. Fuskarsa ta yi wani irin fari, kamar wanda aka zuƙe wa jini.

"Idon Haulatu na hagu ya tafi," ya ce. Ba da kowa yake ba. "Na daman ma sai an kai ta Kano, wai ko Allah Zai sa. Ta farka tana tambaya me ya sa aka kashe fitila."

Inna ta dafe ƙirji. Siddiƙa ta toshe bakinta.

Ya ɗago ido ya dube su. Ya dubi hawayen fuskar ƙanwarsa. Sannan idonsa ya sauka kan abin da ke hannunta, ya bi shi a hankali, ja da baƙa, har inda ya shige ƙasan ƙofa.

"Wayar mece ce wannan?"

"Tsohuwar waya ce," Inna ta yi caraf. "Tun ta zamanin rediyon Malam."

"Ba ke na tambaya ba, Inna." Bai taɓa yi mata magana da wannan muryar ba. "Siddiƙa. Kin ce an tsotsi batir. Wannan ce ta tsotse shi?"

Siddiƙa ta waiga. Inna na kallonta, idanun nan na roƙo. Can asibiti Haulatu na lalube a duhu. Bayan ƙofar nan kuma akwai yaron da ta goya a bayanta.

"Me ke cikin ɗakin nan?"

"Gero ne," in ji Inna. "Babu komai sai gero."

"Gero ke shan wuta?" Ya matso taku ɗaya. "Gero ake saya wa sabon kwaɗo? Ba ni makulli."

"Ya ɓata."

"Siddiƙa, ki dubi girman Allah ki gaya min. Wa ya makantar min da mata?"

Ta buɗe baki. Abin da ya fito ba shi ta shirya ba.

"Yaya, ajiye gorar tukuna."

Ya tsaya.

Ta ga lokacin da maganar ta isa inda za ta isa. Ta ga jijiyar goshinsa ta miƙe. Ko ragunan da ke turke sun daina motsi.

Sai murya ta fito daga bayan ƙofar, a dishe, a karye.

"Yaya, kada ka taɓa su. Ba ruwan Yaya Siddiƙa. Ni ne."

Mainasara ya lumshe ido.

"Khairunnisa," ya ce a hankali, kamar mai kiran ta ta zo ta ci abinci.

Ya sunkuya ya ajiye gorar a ƙasa. Ya taka zuwa gindin turmi, ya ɗauki taɓarya.

Inna ta zube ta rungume ƙafafunsa tana ihu. "Ni ka kashe! Ni na ɓoye shi! Ni na sa sabulun!" Ya ja ta a ƙasa kamar bai san da ita ba.

"Yaya! Yaya, ka ji tsoron Allah!" Siddiƙa ta rataye a hannunsa. Ya yarfar da ita, ta faɗa kan randa, randar ta fashe, ruwa ya malale tsakar gida. Ta rarumo wayarta daga cikin caɓin, yatsunta na zamewa a kan gilashin. 'Yan sanda? In sun zo, Hafizu ya tafi ke nan. In ba su zo ba fa?

Taɓaryar ta sauka a kan kwaɗon.

Ƙofar ta girgiza, ƙasa ta zubo daga saman bango.

Ya sake ɗagawa. Ya sake saukewa.

Kwaɗon ya faɗi.